Benetin Mai Burma a Makon Layya

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, saboda haka mai yiwuwa in haɗa wata magana da wata, ko in sa wa mutum kalmar da ba shi ya faɗa ba. Amma safiyar da na shiga ofis na tarar da akwatinmu na ƙarfe a buɗe, babu wuƙa ko ɗaya a ciki, ita kam ba ta fita daga raina ba. Ina ba da labarin ne musamman saboda ƙannenmu da suka shigo aikin nan daga baya.

A lokacin ina mataimakin jami'in al'adu a wani ofishi a yankinmu, ba sai na ambaci sunansa ba. Ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, kuma tarihi na karanta. An shirya za a yi nunin kayan gargajiya bayan Babbar Sallah, aka raba mana aiki. Wani aka ba shi kayan saƙa, wani kayan noma, ni kuma aka ce in tattaro tsofaffin wuƙaƙe na farauta da na soja daga Ikara, Makarfi da Kudan. Ga wanda bai san tsarin ba, ba saye muke yi ba, aro ne. Mukan je gidan mai kaya, mu roƙe shi, mu ɗauki hoton abin da waya, mu ɗaura masa sunan mai shi, mu kulle a akwati. In an gama nuni mu mayar.

Abin da na samu ba laifi. Akwai wuƙaƙen damtse, akwai na fiɗa, akwai barandami guda. Amma wadda ta fi kowace a wurina ita ce wata beneti, wato wuƙar da soja ke maƙalawa a bakin bindiga, a wani ƙauye kusa da Furana. Tana hannun wani dattijo, Baba Ɗanjuma. Mahaifinsa ya je yaƙin Burma, shi ya sa ma har ya rasu Mai Burma ake kiransa. Da ya dawo ya koma farauta, ya naɗe ƙotar da fata, ya ɗinka mata kube da hannunsa. Bakinta ya yi baƙi, kuma akwai wani ɗan giɓi kusa da tsini, wanda aka ce a ƙashin gyado ta samu.

Baba Ɗanjuma bai ba ni ita a zuwan farko ba. Ya bayyana mini cewa ba tasa ba ce shi kaɗai. Da aka raba gado an raba gona, an raba gida, amma wuƙa ba ta rabuwa, sai aka bar ta a wurinsa a matsayin babba. Ƙaninsa Malam Sale, wanda ke zaune a Kudan, yana da haƙƙi a kanta. Kuma kwanakin baya wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo daga birni yana nemanta, labari ya kai Kudan, tun daga nan Malam Sale yake zargin yayansa zai sayar a ɓoye. Da ya ji maganar aro, cewa ya yi ai dabarar ke nan: a ɗauki ta gaske, a dawo da mai kama da ita.

Na yi ta zarya har dai Baba Ɗanjuma ya amince. Ranar da ya miƙo mini ita, bai saki kuben nan da nan ba.

Ya ce, "Ɗan nan, yadda ka ɗauke ta haka za ka dawo da ita. In ta sake kama, ba wuƙa na rasa ba, ƙanina na rasa."

Na ce, "Insha Allahu, Baba. Ko ƙurar da ke jikinta ba za a share ba."

To, a makon layya sai aka tura ni Zariya wani taron bita na kwana biyu. Makullin akwati, bisa ƙa'ida, na bar shi wurin shugaban sashenmu, Alhaji Shehu. Da na dawo na ga akwati wayam, na je ofishinsa kai tsaye. Na gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Zariya, ni kuwa ban san ma me nake amsawa ba. Daga bisani na tambayi wuƙaƙen.

Alhaji Shehu mutumin kirki ne, ina so a fahimci wannan. Ya yi shekaru yana shirya tarurruka, kuma abin da ya sani shi ne, duk abin da babban baƙo zai gani sai an gyara shi. A shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a wanke labule, a yi wa ƙofa fenti. Da fara'arsa ya gaya mini ya buɗe akwatin ya ga kaya duk tsatsa, kube duk ya yayyage, ya ga ba zai yiwu manya su zo su ce ba mu kula da kayan mutane ba. Saboda haka tun jiya ya zuba su a buhu ya ba masinja ya kai kasuwar Makarfi, maƙeri ya wasa su su yi ƙyalli, baduku kuma ya yi musu sababbin kube.

Ya ce, "Ka ga na rage maka aiki. Masu kayan ma sai sun gode mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai guda ɗaya a ciki da in aka wasa ta, gida guda zai watse."

Ya dube ni kamar yana tunanin boko ya taɓa ni. Na yi masa bayani a gurguje. Ban gama ba ya miƙe, ya ce me nake jira, in tafi, in an tambaya shi ya aike ni.

Na hau acaɓa. A hanya na yi ta tunanin hoton da ke cikin wayata. Da farko na ji sanyi, na ce ai ina da shaida. Sai na gane hoton nan ba zai cece ni ba, shi ne ma zai kama ni: ga baƙar wuƙa mai giɓi a hoto, ga fara sumul a hannuna. Ko ni ne Malam Sale ba zan yarda ba.

Ranar kasuwa ce, kuma saura kaɗan Sallah. Rumfar maƙerin ta cika maƙil, kowa da wuƙar yankansa a naɗe a tsumma, injin wasa wuƙa na ƙara, tartsatsi na tashi. Na kutsa na yi sallama, na ce ni ne mai buhun ofis. Maƙerin ko ɗagowa bai yi ba, ya nuna mini gefe da haɓa. Na ga wasu wuƙaƙenmu a jere a kan tabarma suna ta ƙyalli kamar yau aka ƙera su. Na durƙusa na duba, babu benetin a cikinsu.

Da na tambaye shi, sai ya kashe injin, ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo ta. Baƙa, yadda take, giɓinta na nan.

Ya ce, "Wannan ta Turawa? Ƙarfenta taurin kai gare shi, kuma ba ta da kaifi. In na tsaya kanta mutanen nan sai su yanka ni a madadin rago. Na ce sai bayan Sallah."

Wani da ke layi ya ce ai da an yanka shi ɗin da an huta da jiransa. Aka yi dariya. Ni ma na so in yi, amma sai na samu kaina a zaune a ƙasa, riƙe da wuƙa tsirara, ina ta maimaita alhamdu lillahi. Sai a lokacin na lura babu kube.

Badukun yana can bayan 'yan takalma. Na same shi da kuben a cinya. Ya riga ya farke ɗinkin gefe ɗaya, domin ya shimfiɗa shi a kan sabuwar fata ya fitar da awo. Da na ƙara jinkiri kaɗan, ina jin da ya farke sauran ya jefar da tsohon. Na roƙe shi ya mayar da shi, ta ramukan da Mai Burma ya huda, kada ya ƙara ko ɗaya. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda aka yi wa alkawarin sabo ya ce tsumma yake so ba, amma ya ɗinka. Tsohon zaren ya riga ya tsinke, dole aka sa sabo. Ya ce zai iya shafa masa toka da mai ya yi duhu, ba wanda zai gane. Na ce a'a, a bar shi fari yadda yake.

Ban jira nuni ba. Na kira Alhaji Shehu na ce ina ganin gara a mayar da wannan tun yanzu, ya ce in yi abin da na ga ya dace. Na aika wa Baba Ɗanjuma cewa ina tafe, kuma ina roƙon Malam Sale ya zo. Washegari na tarar da su a zaure, kowa a ƙarshen tabarma, ba mai kallon wani.

Na ajiye wuƙar a tsakiya na faɗi duk abin da ya faru, har da rumfar maƙeri da cinyar baduku. Baba Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Malam Sale ya ɗauka ya zare ta. Ya bi bakin da babban yatsa har ya kai giɓin, ya tsaya. Ya juya ƙotar, ya shinshina kuben. Sannan ya daɗe yana kallon farin zaren.

Ya ce, "Da ka ɓata zaren nan ya yi baƙi, da na gane, kuma da ban yarda da sauran ba." Ya mayar da ita kube. "Ita ce, Yaya."

Baba Ɗanjuma ya yi ajiyar zuciya. Ya tura ta gaban ƙaninsa ya ce ya tafi da ita Kudan ta yi Sallah a can, jikokinsa su gani. Malam Sale ya yi kamar zai ƙi, sannan ya sa ta cikin riga. Da aka zo nuni, shi da kansa ya kawo ta, ya zauna kusa da teburin daga safe har aka tashi, yana ba duk wanda ya tsaya labarin gyadon.

Ragowar da aka wasa kuwa, na bi gida gida na ba da haƙuri. Wani tsohon maharbi a Ikara ya ji haushi ƙwarai, kuma da gaskiyarsa, har yau ba ya ba mu aron komai. Wani kuma murna ya yi, ya ce daidai lokaci, da ita zai yi layya.

Abin da na ɗauka daga wannan, in ban yi kuskure ba, shi ne a aikinmu tsatsa da giɓi da tsohon ɗinki su ne shaidar da iyali ke gane kayansu da ita, wani lokaci ma su ne ke riƙe da zumuncinsu. Tun daga ranar, duk wanda zan bar wa makulli sai na zaunar da shi na gaya masa labarin kowane abu da ke cikin akwati, ko da ya girme ni a aiki. Alhaji Shehu kansa, har ya yi ritaya, in ya ga sabon ma'aikaci da tsumma a hannu kusa da akwatin sai ya daka masa tsawa.

Baba Ɗanjuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na ji an ce benetin tana Kudan, farin zaren ya fara yin duhu da kansa. Akwai waɗanda suka ga wannan lamari, a ofis da kasuwa da zauren nan. Duk wanda ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya same ni ya gyara mini, musamman maganar Malam Sale, domin ita ce ba na so in canza ko kalma ɗaya.