Fim Ɗin da Babana Ya Shiga Ba a Gayyace Shi Ba

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha daga Rigasa, ni da wani abokin aikina da ya rantse ba zai bar ni in bi hanyar Birnin Gwari ni kaɗai ba, sai ka ce in abu ya taso shi ne zai tare mini. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi. Da na yi ƙorafi, direba ya ce in je in kai ƙarar gidan mai, shi ma jira yake a bi masa hakkinsa.

Ku da kuke karanta rubutuna kun san ni da sukar fim. Ba a sakin sabo ban zauna na tsefe shi ba, in ce haske bai yi ba, labari ya yi sanyi, jarumi bai iya kuka ba. To wannan karon fim na tafi nema, kuma wanda na fi yi wa dariya a rayuwata. Samarin ƙauyenmu ne suka yi shi tun zamanin kaset, lokacin ina sakandare. Ƙauyen yana cikin daji ta wajen Damari, yau babu ko mutum ɗaya a cikinsa. 'Yan bindiga sun harbe mahaifina a gonarsa ta bayan gari, daga baya suka dawo suka cinna wa gidaje wuta. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin katin zaɓe, shi ma ya tafi a gobarar. Tun daga lokacin Inna tana wurina a Kaduna. Idanunta kullum raguwa suke yi, likita ya ja ni gefe ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan hanya. Ran nan muna zaune ta ce, "Ka san Malam ya fito a wasan nan na yara. Da za a samu, da na ƙara ganin fuskarsa tun ina ɗan gani." Washegari na fara cigiya, har aka ce mini wanda ya shirya fim ɗin yana Birnin Gwari.

A Buruku muka tsaya jiran motoci su taru, don har yanzu direbobi sun fi son tafiya a jere ko da an ce hanya ta yi sauƙi. Mata suka yanyame mu da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Abokina ya sayi masara uku ya ce gara in za a tare mu a tare shi da cikinsa a cike. Aka yi dariya, amma ita ce ta ƙarshe da na ji a motar. Muna wuce Udawa direba ya kashe rediyo. Tsohon da ke gaba ya zaro carbi, matar da ke gefena ta sunkuyar da kai tana kiran sunan Yesu a hankali, ni kuma na rasa wace addu'a zan fara.

Damina ta yi kyau bana, dajin ya yi kore shar, ciyawa ta fi mutum tsawo. Kyawunsa ma haushi ya ba ni. A gefen titi akwai gawarwakin motoci da suka ƙone, har yaɗo ya bi ta tagoginsu ya fito. Gonakin da ke kusa da hanya duk gyaɗa ce da wake, babu masara babu dawa. Direba ya ce mutane sun daina shuka abin da mutum zai iya ɓuya a cikinsa. Can kuma sai ka hangi itatuwan mangwaro sun taru a wuri guda, babu rufi ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Duk ɗan ƙauye ya san mangwaro ba ya taruwa haka shi kaɗai, da gari a wurin.

Da hantsi muka shiga Birnin Gwari. Garin ya cika fiye da yadda na bar shi, domin ƙauyuka da yawa sun kwashe sun dawo cikinsa. Manoman da na sani da rumbuna sun koma tura baro da sayar da ruwa. Doyar da a da ake ba baƙo kyauta ya tafi da ita, yanzu sai ka taya sau biyu ka wuce. Muka ci tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa a wata rumfa kusa da tasha, mai tuwon ta ji harshena ta tambayi garinmu. Da na faɗa mata sai ta ajiye ludayi ta ce, "Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu." Ita ta kwatanta mana inda za mu sami mutumin da muke nema.

Darakta ake ce masa, sunan da ya bi shi tun daga fim ɗin nan guda ɗaya da ya yi. Mun same shi a unguwar Magajin Gari ƙarƙashin wata rumfar kwano yana gyaran rediyo da fitilun caji. Furfura ta cinye masa gemu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ƙura mini ido, sannan ya ce, "Kai ne ɗan Malam na bakin rijiya? Wanda ya ce fim ɗinmu ko akuya aka ɗaure a gabansa sai ta tsinke igiya?"

Wallahi na faɗa. A Zariya na faɗa, ina ɗalibi, ranar da na tara abokai a ɗaki na sa musu kaset ɗin da na aro daga gida don mu yi nishaɗi. Ban taɓa zaton maganar ta iso gida ba. Kunya ta rufe ni, na ce, "Yaya, ƙuruciya ce, a yafe mini." Ya yi murmushi ya ce ai 'yan kasuwar fim na Kano sun faɗi wadda ta fi wannan.

Bari in gaya muku abin da muke yi wa dariya. Labarin wa da ƙani ne da ke rigima a kan iyakar gona. Amma a ƙauyenmu mutum ba ya wuce mutane bai gaishe su ba, wanda aka gaisar kuma ba ya yin shiru. Ana tsakiyar ɗaukar faɗa sai mai wucewa ya tsaya ya yi sallama, 'yan wasa su saki wuyan juna su amsa, a tambayi gida da gona da ruwan jiya, sannan a koma faɗa. Haka fim ɗin yake daga farko har ƙarshe. Darakta ya ce da ya kai shi Kano an ce sai ya yanke duk wuraren nan kafin a karɓa. "Na ce musu in yanke gaisuwar dattijo? In dawo gari in kalli wa? Na ɗauko kayana na dawo."

Kaset ɗin yana nan. Ranar gudu ya cusa shi a cikin riga ya bar buhun wake, har yau matarsa ba ta daina yi masa gori ba. Ya shiga ɗaki ya fito da shi naɗe cikin tsumma da leda. Ta 'yar tagar kaset ɗin ana ganin fumfuna ta yi fari-fari a jikin zaren. Ya ce rabonsa da sa shi an daɗe, don duk sawa ɗaya sai wani abu ya goge. Ya buɗe tsohon bidiyonsa ya share cikinsa da farar takarda da ɗigon fetur, maƙwabci ya ara mana janareta.

Ban san yadda labari ya zaga ba. Kafin a gama haɗa wayoyin wuta zauren gidansa ya cika da mutanen ƙauyenmu, maza a ciki, mata a bakin ƙofa har waje. Wasu na gane su, wasu wahala ta sauya musu kama. Hoto ya fito yana rawa, ga kasuwarmu, ga masallaci, ga cocin da ke gangaren rafi, ga rijiyar ƙofar gidanmu. Babu wanda ya kula da rigimar wa da ƙani. Masu gaisuwa ake jira. Duk wanda ya shigo ya yi sallama, sai wani a zauren ya kira sunansa, wasu su ce Allah ya jiƙansa, ko kuma a ce yana Funtuwa yanzu, ko a yi shiru don ba a san inda yake ba. Wata yarinya 'yar Gbagyi ta gitta da itace a kafaɗa, ta rusuna ta gaida 'yan wasa tana dariya. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta miƙe tsaye ta ce, "Talatu na ke nan, Talatu na." Matar da ke kusa da ita ta kama ta ta zaunar. Daga baya aka gaya mini an tafi da Talatu daji tare da 'ya'yanta biyu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Darakta ya taɓa ni ya ce in shirya. Na miƙa wa abokina wayata, ya saita talabijin ya fara ɗauka.

Wa da ƙani suna cacar baki a bakin gona, kowa ya ɗaga fartanya. Sai ga keke ya shigo ta gefe, da garma ɗaure a bayansa. Tun kafin ya sauka na gane zamansa a kan keken. Ya jingine shi a jikin ɗorawa ya ce, "Salamu alaikum. Sannunku da aiki. Kai, kai, me ya yi zafi haka? Ku da kuke ciki ɗaya?" Su biyun suka zube ƙasa suna gaishe shi, shi kuma ya dage sai ya yi musu sulhu, har yana cewa shi ya san inda iyakar take tun kakansu na da rai. Muryar Darakta ta fito daga bayan kyamara tana cewa, "Baba, wasa ne muke yi." Baba ya ce, "Wasa da fartanya?" Zauren ya fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Sannan ya juyo ya fuskanci kyamara ya ce, "To sannu da aiki. A gaida mutanen gida." Ya hau kekensa ya wuce.

Muryar ta fito tsaf. Fuskar ce ba ta fito ba. Daidai inda ya juyo fumfuna ta ci zaren, fararen layuka suka rufe shi daga hula zuwa gemu. Na roƙi Darakta ya mayar baya ko za a dace. Ya dubi mutane, ya mayar. A karo na biyu layukan suka ƙaru, har keken ma ya fara ɓacewa. Na ce kada ya ƙara mayarwa. Raina ya ɓaci da kaina, domin kaset ɗin ba na gidanmu kaɗai ba ne, kuma son zuciyata ya ƙara cinye wani abu daga cikinsa. Abokina bai sauke wayar ba sai da fim ya ƙare, muka tura wa duk mai waya a zauren.

Na tambaya ko ana iya leƙa ƙauyen ko daga nesa. Wani dattijo ya ce hanyar ma ta rufe da ciyawa, kuma masu wurin yanzu ba sa son baƙi. Ba mu jira la'asar ba muka koma tasha, saboda motar ƙarshe ba ta kaiwa yamma. Darakta ya rako mu har bakin titi. Na ce masa fim ɗinsa ya fi duk wanda na taɓa yabo. Ya ce, "A'a, kada ka yi ƙarya, sautin bai yi kyau ba." Sannan ya ce in gaida Inna.

A hanyar dawowa ban ga daji ba, tunani nake yi. Shekara da shekaru ina auna fim da kyan haske da tsadar kaya, ina raina irin waɗannan na ƙauye da aka yi da kyamara ɗaya da batirin aro. Yanzu na san akwai irinsu da yawa a ƙarƙashin gadaje da cikin akwatuna, fumfuna na cin su, kuma a cikinsu ne kaɗai wasu garuruwan suka rage. Abin da muka kira kuskure a fim ɗin Darakta shi ne ya ajiye mana mutanenmu. In akwai irin wannan kaset a gidanku, ku nemi yadda za a kwafe shi tun yana nunawa. Muka iso Kaduna ana kiran magariba, ina ta juya yadda zan gaya wa Inna cewa fuskar da ta aike ni nema ba ta samu ba.

Na bari sai da safe, da rana ta fito sosai, na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda haske ya fi yawa. Na buɗe baki zan yi bayani ta ce in ba ta kawai. Ta kai wayar dab da idonta, ta matsar, ta sake kawowa. Ta ce, "Haske kawai nake gani, ɗan nan." Na gane ko da fuskar ta fito, na makara.

Sai ƙarar keke, sai sallamarsa. Inna ta yi sauri ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama. Da ya ce sannunku da aiki, ta sunkuyar da kai ta amsa a hankali, "Yauwa Malam, sannu da zuwa. An dawo?"