Sugan Baffa Mai Sanin Manya

Jiya kwanon silba ya kuɓuce wa 'yata a kicin, ya daki siminti, ya yi ta juyi yana ƙara kafin ya kwanta. Ina zaune a falo, sai na ga na janye ƙafata ta hagu ƙarƙashin kujera ba tare da na sani ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ƙafar ba ta manta ba.

A Daura na tashi, cikin babban gida mai sassa huɗu, amma ba a ɗakin mahaifiyata ba. Tun da aka yaye ni aka ba matar yayan mahaifina riƙona, don ita maza biyu Allah ya ba ta. Inna nake kiranta, shi kuma Baffa. Dillalin shanu ne, ranar kasuwar Mai'adua tun hantsi yana kara. Dogo ne mai kaurin murya, wanda idan ka gaishe shi ba ka ce Alhaji ba sai ya yi kamar bai ji ba.

Ina aji uku a firamare ciwon suga ya kama shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ciwo ne na gaske. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, randa ba ta kwana da ruwa, kuma inda duk ya tsuguna a bayan gida sai ka ga tururuwa sun yi layi. Aka kai shi asibiti Katsina, ya dawo da ƙwayoyi da dogon jerin abin da likita ya hana. Daga ranar Inna ta koma ɗora tukunya biyu. Tuwon gero na gida, tuwon alkama nasa shi kaɗai. Ko cikin bazara, lokacin da ƙasar tsakar gida ba ta takuwa, tana durƙushe gaban murhu tana tuƙi, hayaƙi na cin idonta.

Dama can Baffa ba mai sanyi ba ne, amma da akwai kunya da ke riƙe shi. Ciwon nan ya zo ya kwance ta. Ya zagi Inna har iyayenta da ke kabari, ya kori almajiran ɗinki da ke zama a ƙofar gida, ya mari babban ɗansa mai gemu. Duk abin da ya yi, mazan zaure amsarsu ɗaya ce: “A yi haƙuri, suga ne.” Suna faɗa suna gyaɗa kai kamar masu karanta fatawa, alhali babu wanda aka taɓa zagar wa uwa a cikinsu.

Kada ka ce ban san ciwon yana taɓa hankali ba. Na gani da idona sau ɗaya. Wata Juma'a da damina ya sha magani bai ci komai ba, ya tafi masallaci. Ya dawo tare da limamin unguwa, suna shiga zaure gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa. Liman ya kama shi, sai Baffa ya hankaɗe shi ya ɗura masa ashar. Kakata, wadda ta haife shi, ta fito, ya dube ta kamar baƙuwa. Inna ce ta dama sukari a ruwa ta ɗura masa. Da ya dawo hayyacinsa aka faɗa masa abin da ya yi, ya rufe fuska da hannun riga, washegari ya tafi gidan liman da ƙafarsa neman gafara. Wannan shi ne ciwo. Bai san liman ba, bai san uwa ba.

Sauran ranakun kuwa wani abu ne daban, kuma lokacin girbin gero na gane haka. Gidan duk ƙamshin sabon hatsi, an jibge dammuna a bakin rumbu. Inna ta ɗora mini tiren abincinsa, tuwon alkama da miyar kuka da aka sauke yanzu, na kai masa gindin darbejiya. Ya ɗanɗana, ya ce gishiri bai ji ba. Kafin in buɗe baki ya ɗauki kwanon miyar ya wurgo. A kan ƙafata ya kife. Miyar kuka ba ta zubewa kamar ruwa, mannewa take yi. Inna ta zo a guje tana kwara mini ruwan randa, fata na saluɓewa, shi kuwa yana ta faɗa cewa so ake a kashe shi da yunwa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Wani attajiri ne daga Nijar, mai sayen shanu mota-mota. Na rantse maka ko ƙiftawar ido ba a yi ba Baffa ya miƙe, ya gyara hula, ya fita yana cewa, “Lale marhabin da manya, yau muna da farar rana.” Ina kwance a tabarma ina jin dariyarsa daga zaure. Har lemon kwalba ya aika aka sayo, kuma an ce shi ma ya shanye guda.

Da baƙon ya tafi, kakata ta tare shi a tsakar gida, tana dogare da sandarta.

“Wannan suga naka yana da hankali,” in ji ta. “Ya san mai mota, ya san mai kawo tuwo.”

“Iya, larura ce.”

“Larurar da ke jin sallama?”

Ya juya ya shige turaka. Mahaifina ya zo ya dubi ƙafar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a yi haƙuri, Yaya ba shi da lafiya. Allah ya jiƙansa, amma a ranar ya ragu a idona, kuma bai ƙara cika ba.

Inna kuwa ta ɗauki jinyata. Kwana ashirin tana wanke ƙunar tana shafa magani, tana tuƙa tuwon alkama kamar kullum. Ranar da na taka ƙafar, ta kama hannuna ta kai ni ɗakin mahaifiyata, ta ajiye ƙullin kayana. Sannan ta hau motar Mashi, gidan ƙanenta. Sau uku ana zuwa biko. A na ukun ta ce da dattawan, “Na yi jinyar ciwo shekara huɗu, zan iya arba'in. Hali ne ba na iya jinya.”

Girkin ya koma hannun matar babban ɗansa, 'yar wani mai faɗa a ji a gari. Miyarta ko kusa ba ta kai ta Inna ba, wata rana ma tuwon da gudaji. Shekara shida tana ba shi, ko cokali bai taɓa jefa mata ba. Ya rasu bayan wani gyambo da ya ƙi warkewa. A wurin gaisuwa na ji mazan nan suna cewa mutumin kirki ne, ciwo ne ya ɓata shi. Na ja mayafina na rufe baki.

Yanzu ni ma shekara huɗu ke nan ina tare da ciwon. Malamar makaranta ce ni, kuma na san yadda abin yake idan azahar ta gabato ban ci komai ba: hannu ya ɗauki rawa, surutun yara ya zama kamar ana soka mini allura a kunne. Zamani ya canza, kusan kowane gida da na'urar awo, kowa ya karanta a waya cewa suga na kawo fushi, har masu lafiya ƙalau sun sami abin fakewa.

Watan jiya na daka wa wata ɗaliba tsawa a gaban aji saboda ta zubar da alli, har ta yi kuka. Wata abokiyar aikina ta dafa ni ta ce, “Kar ki damu, Malama, kowa ya san larurarki.” Na shiga ofis na soki yatsa na auna. Lafiya lau. Na daɗe ina kallon na'urar, sannan na koma ajin, na kira yarinyar ta tsaya inda ta tsaya ɗazu, na ba ta haƙuri a gaban waɗanda suka ji tsawar.