Tsayuwar da Na Hana Yaya Sambo

Da azumin bana aka cika shekara goma sha ɗaya da jirgin ƙasa ya take motar yayana Sambo. Mu Sakkwatawa ba mu da layin dogo, don haka ko sunan wurin da ya mutu ba mu da shi. Takardar da aka haɗo da gawarsa da Turanci aka rubuta ta. Na kai wa Malam Yohanna, malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu a Ƙofar Atiku, ya karanta, ya ce ana kiran wurin lebul kurosin, wato inda titin mota ya gitta layin jirgi. Na yi kamar ban san wurin ba, alhali na san shi sarai.

Yaya Sambo direban babbar mota ne, albasa yake ɗauka zuwa Kudu. Yana da wata ɗabi'a da ya koya wurin maigidansa, wani tsohon direba Bagusaye. Duk inda hanya ta haɗu da layin dogo sai ya tsaya cak, ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya dubi dama ya dubi hagu, sannan ya haye. Shekara ashirin yana haka.

Ni kuwa ɗan atamfa ne, nakan bi shi in zan je sarin kaya, kuma Allah ya yi ni da bakin tsiya. Wata rana ya tsaya a irin wannan wuri. Ciyawa ta rufe ƙarfen, mata sun shanya barkono a kai, ɗakin mai gadi ba ko ƙofa. Na ce, "Yaya, mi kaka jira? Jirgin ga ya mutu tun ba yau ba."

Ya ce, "Ƙarhe bai mutuwa, Buhari, kwana shika yi."

Da na bar maganar a nan da sauƙi. Sai na kai ta majalisarmu, ina kwaikwayon yadda yake miƙa wuya ta taga, ana ta dariya. Aka sa masa suna Mai Jiran Jirgi, sunan ya bi shi har tasha. Mutum ne mai kunya, bai taɓa ramawa ba. A tafiyarmu ta ƙarshe na ga ya haye layin ba tare da ya taka birki ba. Ya dube ni ya ce, "To, na bari. Hankalinka ya kwanta?" Na tafa masa. Bayan wata huɗu, da rana tsaka, aka sako wani jirgin kaya a layin da ya yi shekaru ba motsi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga hanyar nan yau. Yanzu direba ba ya tsayawa a daji ko don fitsari, saboda tsoron masu bindiga. Tsayuwa hatsari, wucewa hatsari. Kuma har gobe ana yi mana alkawarin jirgi zai iso Sakkwato. In ya iso, ban san wa zai koya wa masu Keke Napep ɗinmu sauke gilashin da ba su da shi ba. Ina jin Yaya zai yi murmushin nan nasa ne kawai, ya ce a dai duba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ya bar 'ya ɗaya, Asma'u, tana aure a Minanata. Ta tashi tana jin mutane na cewa gangancin direba ne ya kashe ubanta. Kwanan baya, a wurin sunan ɗanta na fari, wanda ta sa wa Sambo, ta ce mini, "Baba ƙarami, da gaske na babana bai da haƙuri bisa hanya?" Na ce Allah dai ya jiƙansa, na tashi na fita. Na sha gaya wa kaina cewa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Sai dai magana zarar bunu ce, ni na zare ta, kuma kunya da tsoro suka hana ni faɗa shekara goma sha ɗaya.

Bai bar gida ba, motar ma ba a tsinci abin kirki a cikinta ba. Abin da ya rage nasa shi ne sunansa, shi ma na bari ana ɓata shi ina ji ina gani. Asma'u, na san mijinki yana sayen wannan jarida. Babanki ba mai ganganci ba ne. Shekara ashirin yana tsayawa, ni na hana shi.