Mak Sepiah, Uwar Masu Jegon Setiu

Da hantsi ya dubi ƙauyenmu na gaɓar kogin Setiu a ƙasar Malesiya, kowa ya san ƙarar tsohon babur ɗin Mak Sepiah (Mak a harshenmu shi ne uwa). A kwandon gabansa akwai wani dutsen kogi mai santsi, da citta da kurkum da ganyen lemun tsami, sai dogon zanen ɗaurin ciki naɗe kamar gammo. Gidan mai jego ta nufa. Shekara talatin da takwas ke nan tana wannan zirga-zirga, gida uku ko huɗu kafin azahar, ko damina ta cika hanya da taɓo.

In ta hau matakalar gida sai ta ɗora dutsen a garwashi, ta naɗe shi da ganye da tsumma, ta gasa wa mai jego ciki da baya. Ta yi mata tausa, ta haɗa ruwan wanka, ta ɗaure mata ciki daga ƙugu har ƙasan ƙirji. Amma daga rana ta bakwai sai ta nemi wuri ta zauna, ta naɗe hannu.

"Ɗaura da kanki ina kallo," haka take cewa. "Ni ba a ɗakinki zan tsufa ba."

Abin da ba mu manta ba shi ne na Norlia, matar Rosli masunci. Haihuwar fari ce, kuma mahaifiyarta ta rasu tun tana yarinya, sai surukarta Mak Jah ke kula da ita. Rana ta goma sha ɗaya da haihuwa, Norlia ta tashi da ƙaurinta na hagu a kumbure, yana zafi kamar an kara shi a wuta. Kafin Mak Sepiah ta iso, Mak Jah har ta ɗumama man kwakwa.

"Sanyi ne ya shige ta," in ji Mak Jah. "Murza mata shi da kyau, Sepiah."

Mak Sepiah ta ɗora tafin hannu a kan ƙafar, ta dubi ɗayar, sannan ta ture kwanon man gefe.

"Wannan ba aikin hannuna ba ne, Yaya Jah. Asibiti za mu, yanzu."

"Asibiti? Mai jego ta taka ƙasa kafin kwana arba'in da huɗu? Ni fa haihuwa tara na yi!"

"Na sani, ai biyar ni na ɗaure miki ciki, kuma har yau ihunki yana kunnena. A cikin taran, wace rana ƙafarki ta yi haka?"

Rosli yana teku, don haka Mak Sepiah ta tare motar maƙwabci mai dakon kifi, aka shimfiɗa wa Norlia tabarma a baya, ita kuma ta rungume jaririyar ta shiga, Mak Jah ta bi su. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma da an murza, da yana iya gudu ya tsaya a huhu. Mak Jah na jin haka ta zauna daɓas a kan benci, ta rufe fuska da mayafi.

Ke ce, Mak Sepiah, wadda tausa ce sana'arta da sunanta, amma ranar da tausar za ta yi ɓarna kika janye hannu a gaban mutane ba ki ji kunya ba.

Bayan kwana shida Norlia ta dawo gida a rame, nono ya ragu, kuka kuwa ba dalili. Mak Sepiah ba ta yi mata faɗa ba. Kullum sai ta zo ta zaunar da ita a baranda, ta sa ta shanye kofin ruwan ɗumi, ta taka daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ci shinkafa da gasasshen kifi mai masoro, ta sha maganin asibiti a gabanta. In Norlia ta ce ita ba ta iya uwa ba, sai ta ce, "Wa aka haifa da iyawa? Kwanta ki yi barci, yarinyar ba za ta gudu ba." Shi ma Rosli bai tsira ba. Ta miƙa masa bokitin wanki.

"Mak, ni fa namiji ne."

"Kai da ke jan koma mai nauyin saniya, tsumman jaririya ne zai karya ka?"

Ya wanke, ya shanya, abokansa suna masa dariya daga bakin kogi. Ranar cikar jego Norlia ta sauko matakala da ƙafarta, 'yarta a kafaɗa.

Watan jiya sanyin ƙashi ya tanƙware wa Mak Sepiah yatsu, ta ce ta ajiye aiki. Mata suka yi mata walima a harabar masallacinmu. Ana tsakiyar yabonta ta katse mai magana.

"Ku bar wannan. Zaharah ta unguwarmu za ta sauka wata mai kamawa. Wa zai je mata?"

Hannu huɗu suka tashi, na farko na Norlia, wadda ta yi shekara biyar tana bin ta gida-gida tana koyo. Na ƙarshe na Mak Jah ne, duk da tsufanta, ta ce ko ruwa ta dafa.

Mun gode, Mak Sepiah. Allah ya ba hannuwan nan sauƙi, ya saka miki da abin da ya fi ƙarfinmu. Mu kuwa da muka rage, babu unguwar da ba ta da mai jego. Ba sai mun iya tausa ba. Mu shiga, mu karɓi jaririn na awa ɗaya, mu ce mata ta kwanta.