Gilasai Goma Sha Biyu da Tawadarsu Ta Wanke

Har yau Larabar nan ba ta fita daga raina ba. Ƙarshen shekarun 1980 ne, ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwajin wani asibiti a Zariya. Aikina in yanka naman da aka daskarar cikin kaki siriri-siriri, in ɗora a gilashi, in rina, likita ya duba a madubin ƙara girma.

Dakta Yahaya yana nazarin ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa. Idan lafiya lau, rassa suke miƙawa kamar bishiyar da ta kaɗe ganye. In kai ya bugu, sai su janye rassan, su dunƙule, su taru a bakin raunin. Yana son sanin ko haka suke a kowace halitta, don haka muka sami naman ƙwaƙwalwar ɓera, na akuyar da mota ta buge, da na wani maɗinki ɗan Kwarbai da ya rasu bayan ya faɗi a babur. Yayansa, Alhaji Sale, ya yarda da sharaɗi guda: ranar Juma'a a mayar masa da komai, har na gilashi, a binne.

Da tawada na rubuta lambobin gilasan. Ina tsoma su a sinadarin wanki, rubutun ya tafi. Gilasai goma sha biyu, ba suna. Na leƙa madubi, ƙwayoyin duk sun dunƙule iri ɗaya, ban iya raba mutum da dabba ba.

Na faɗa wa shugaban ɗakinmu, Malam Tanimu.

"Bilki, duk karatun nan ba a nuna miki fensir ba?" in ji shi.

"Malam, ko a ba Alhaji Sale duka?"

"A binne bawan Allah da ɓera? Kawo kakin."

Ragowar dunƙulen kakin da na yanko naman daga ciki suna da lambarsu. Ya riƙa ɗaga kowane gilashi ta taga, yana gwada gefen yankan da fuskar dunƙulen, kamar mai neman murfin tukunya. Zuwa la'asar mun ware huɗu, Dakta ya duba ya tabbatar.

Ranar Juma'a na naɗe su da dunƙulensu a farin ƙyalle, na kai har zaure. Alhaji Sale ya karɓa da hannu biyu.

"Duka ne, 'yata?"

"Duka ne, Alhaji."

"Ba a haɗa da na kowa ba?"

"Ba a haɗa ba."

A aikinmu akwai ranar da za a yi maka tambaya irin wannan ido cikin ido. Duk rubuce-rubucen da muke yi, don mu iya amsa ta da gaskiya ne.