Jan Katin Baba

Jiya da yamma ina alwala a ƙofar gida nan Gabukka sai na ji ƙarar usur daga filin makarantar firamare, yara suka ɗauki ihu. Ban san lokacin da na ajiye buta ba. Shekaru sun ja, gemu ya fara fari, amma har yau in na ji usur sai in tuna wata damina a Pantami.

Gidanmu na ƙasa ne a wancan lokaci, da zaure da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Da ruwa ya sauka sai ƙamshin jiƙaƙƙen bango ya cika ko'ina, ga hayaƙin masarar da Inna ke gasawa. Baba malamin firamare ne, kuma shi ne alƙalin wasan da unguwanni suka fi yarda da shi. Duk hutun ƙarshen shekarar karatu ana gasar ƙwallo tsakanin samarin unguwanni, a kan kofin da bai fi kwanon sha ba, amma mu a wurinmu duniya ce guda. Ni ina buga baya a ƙungiyar unguwarmu, ina da shekara goma sha biyar, kuma ban ƙi a ce na iya ba.

Sai dai ka san yadda gidajenmu suke da ɗan fari. Ni ne na farin, don haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya yabona, ba ya zama hira da ni. "Kai" ne, ko "yaron nan". Inna ma haka, in zan wuce sai ta sunkuyar da kai kamar surukinta ne ya shigo. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma ban taɓa jin zafinta ba. Saboda ita ce ma Baba bai taɓa yarda ya busa wasan da nake ciki ba.

Ranar wasanmu na kusa da na ƙarshe da 'yan unguwar Arawa, ruwa ya tare alƙalin da aka sa, bai iso ba. Jama'a sun cika fili, masu gyaɗa da masu rake sun baje. Shugabannin gasa suka taru a kan Baba, ya ƙi, suka yi ta roƙo. Da 'yan Arawa da kansu suka ce sun amince da shi, sai ya naɗe ƙafar wando ya karɓi usur.

Ana cikin zagaye na biyu ɗan wasansu ya ɗirka ƙwallo, golanmu ya riga ya faɗi, ni kaɗai na rage a bakin raga. Na tare ta da ƙirji, tim, har numfashina ya ɗauke. 'Yan Arawa suka ɗauki ihun hannu. Baba yana bayan mutane, wallahi bai ga komai ba. Da wani yaro ne, na san zai tsaya ya tambayi mai tuta. Amma ɗansa ne, ga idon jama'a a kansa. Ya busa fenariti, ya zaro jan kati ya ɗaga, ko fuskata bai kalla ba.

Golanmu ya kama fenaritin, muka ci wasan, amma ni ban ga wannan ba, ina bayan aji ina kuka kamar ƙaramin yaro. Mai jan kati ba ya buga wasa na gaba, wasa na gaba kuwa shi ne na ƙarshe, wanda za a yi a babban filin wasa, mai ciyawa da wurin zaman 'yan kallo. Tun ina ƙarami nake leƙen filin nan ta ƙofa. Na ji haushin Baba ƙwarai, haushin da ban isa in nuna ba.

Na cire rigar wasan na jefar a bakin rijiya. Inna ta ɗauka za ta wanke, sai ta tsaya. Ƙwallon ta bar shaidarta ta laka a tsakiyar ƙirji, zagayayye sak, har da layukan ɗinkinta. Inna ba za ta iya buɗe baki ta kare ɗan farinta ba, ko da za a yanka ta. Abin da ta yi shi ne, ta shanya rigar haka nan da dattinta a igiyar da ke daidai ƙofar ɗakin Baba, ta koma kan tuwonta.

Da safe Baba ya fito ya tarar da rigar. Ya daɗe a tsaye. Kaka, mahaifiyarsa, tana zaune a tabarma tana shan kunu, ita kuwa ba ta da kunyar kowa a kaina, mijinta take ce min. Ta tambaye shi ko a makarantar da ya yi an koya masa cewa hannu a ƙirji yake tsirowa. Ta ce ya ji tsoron bakin mutane ya zalunci marar baki, kuma in ya ga dama ya kira wannan adalci. Baba ya sauke rigar, ya ninke ta, ya sa a jaka.

Da la'asar ya aiko ƙanena ya ce in bi shi. Ina tafe a baya har inuwar mangwaron da shugabannin gasa ke zama, ga masu horar da ƙungiyoyi, ga 'yan kallo da ba a rasa su. Baba ya shimfiɗa rigar a benci, ya ce bai ga abin da ya faru ba, ya yanke hukunci a kan ihu, kuma ya yi kuskure. Shugaban, wani dattijo ɗan Kaltungo da suka koyar tare, ya ce hukuncin alƙali ba ya tashi, ban da haka yaron ai nasa ne, su je gida su shirya. Ya ƙara da cewa in aka soke katin za a ce malam ya yi wa ɗansa hanya. Baba ya ce ya sani. Don haka a cire shi daga busa wasan ƙarshe, a cire shi daga gasar baɗi ma in an so, amma kada a hukunta ɗan wasa a kan laifin alƙali. Mai horar da 'yan Arawa, Allah ya saka masa, ya ce yaransa ma sun faɗa masa ƙirji ne.

Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe shugaban ya ce za a soke, amma ƙa'ida sai alƙali ya faɗi sunan ɗan wasan a gaban kowa. Kowa ya zuba wa Baba ido, don duk sun san al'adar. Baba ya gyara hula, ya juyo, ya kira sunana. Ban amsa ba, na ɗan waiga baya, don ban san sunan a muryarsa ba. Ya sake kira, ya dube ni ido cikin ido.

"Na zalunce ka jiya. Ka yi haƙuri."

Na durƙusa, na ce ba komai Baba. A hanyar gida ya saya min dafaffiyar gyaɗa, ya miƙo ba tare da ya juyo ba.

Na buga wasan ƙarshe a kan ciyawa, aka lallasa mu, ban damu ba ko kaɗan. Baba yana cikin 'yan kallo. Baɗi ba a kira shi busa ba, wasu suka yi ta gutsiri-tsoma a shagon mai shayi, shi kuwa bai taɓa tanka musu ba.

Yanzu abin ya canja. Alƙali yana da na'urar da zai koma ya duba, in kuma an yi kuskure sai ka ga ban haƙuri a waya, an rubuta shi tsaf, ba ka san fuskar mai ba da shi ba. Ba na raina wannan, ya fi babu. Ni ma na canja, 'yar farina sunanta nake kira safe da yamma, har in goya ta a wuya, Baba yana kallo yana girgiza kai.

Yana nan tare da mu, ido ya yi rauni, amma ba ya barin kallon ƙwallo da jikokinsa. In suka fara zagin alƙali sai ya ce su bar bawan Allah, wataƙila bai gani ba. Tun daga ranar nan bai sake kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa nema ba. Ɗazu ma yana zaune gaban talabijin ya ɗaga murya ya ce, "Kai, yaron nan, zo ka ƙara min sauti." Na tashi da furfurata na je na ƙara masa.