Baba Tsoka da Naman da Ba Ya Rabuwa

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, Baba Tsoka ya riga ya wanke teburinsa da ruwan zafi, ya kankare katakon sara, ya wasa wuƙaƙe, ya rataye cinyar saniya a ƙugiya. Sunan ma tsokanar 'yan layi ce. Ka ce ya ƙara maka kitse, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Da wannan tumbin? Tsoka za ka ci, ita ma daidai tafin hannunka, ka cike sauran kwanon da ganye." Ka tafi kana ƙunƙuni, gobe ka dawo. Yanzu hannu ya fara rawa, ƙarshen watan nan zai ajiye wuƙa, don haka dole a faɗi abin da ido ya gani.

A tambayi tela na bakin layi. Matarsa na da tsohon ciki aka ce mata a asibiti jininta ya yi ƙasa ƙwarai, in naƙuda ta same ta a haka akwai haɗari. Aka ba ta magani, aka ce ta haɗa da jan nama da wake da ganye. Tela, hankali a tashe, kullum yana gaban teburin Baba.

Ran nan suka zo wucewa tare za su awon ciki. Baba ya ɗaga kai ya dube su. Kumatun tela sai sheƙi suke, ita kuwa leɓenta fari fat, ta dafa ƙarfen rumfa tana haki.

"'Yata, naman nan yana shiga kuwa?"

"Yana shiga, Baba."

"Cikin wa?"

Ta sunkuyar da kai. Tela ya yi caraf ya ce wallahi kullum ana dafawa.

"Ka taɓa ganin ta tauna, ɗana?"

Sai matar ta ce a hankali, "Baba, yara suna kallon hannuna, shi kuma ya yini a kan keken ɗinki. Ai ina shan romon."

Romo! Haka ta ga uwarta na yi: a tsame tsoka a raba wa kowa, mai girki ta lashe ludayi. Baba ya san faɗa ba zai canza wannan hannun ba, don ba da gangan yake yi ba.

Washegari da tela ya zo, Baba ya shimfiɗa tsokar a katako, ya ɗauko wuƙa biyu, ya dinga sara har ta koma laƙwas, babu abin da yatsa zai kama.

"Haba Baba, ka lalata nama!"

"Kai mata. Ta tsince ta ba ku in gani."

Ikon Allah! Naman ya bi miya ya baje, duk ludayin da ta ɗiba sai ya biyo ta. Haka Baba ya yi ta yi kullum, kafaɗa na ciwo, masu jira na tsaki, har watanta ya kama. Haihuwar ta zo da gardama, ta zubar da jini ba kaɗan ba. Ungozoma ta ce da a yadda take a da ta zo, sai dai wani labarin. Yau ga ta nan tana wuce layin da goyonta.

Baba, kai ne mahaucin da bai tsaya a sikeli ba, ka bi nama har bakin da aka saya dominsa. Wa ya aike ka? Babu. Mun gode, Allah Ya huta gajiya, Ya ba kafaɗar nan lafiya.

Ku kuma da ake ajiye wa kwano a rufe, ba sai kun iya wuƙa ba. Yau in an kawo abinci, kafin ku sa hannu, ku leƙa kwanon wadda ta dafa.